Kuɗin tagulla na tsohuwar Girka

Kuɗin tagulla na tsohuwar Girka su ne ƙananan tsabar kuɗi da biranen Girkawa da masarautunsu suka riƙa bugawa da tagulla, wato haɗin jan ƙarfe da kuza, tun daga tsakiyar ƙarni na 5 kafin Miladiyya (K.M.) har zuwa ƙarshen ƙarni na 3 na Miladiyya. Su ne kuɗin cefane na yau da kullum: da su ake sayen gurasa, da kifi, da ɗan man zaitun, ana biyan kuɗin shiga gidan wanka. Abin da ya raba su da kuɗin azurfa da na zinariya shi ne ƙarfen da ke jikinsu yawanci bai kai darajar da aka yanke musu ba. Ana karɓar su ne domin hukumar birni ta ce a karɓa, mutane kuma suka amince. Saboda haka suna daga cikin misalan farko a tarihin yankin Bahar Rum na kuɗin da amana ce ke riƙe da shi, ba nauyi ba.

Ɗaruruwan birane ne suka buga irin waɗannan kwandaloli, daga gaɓar Sifen ta yau zuwa Afganistan da arewacin Indiya. A yau suna da muhimmanci ga masu binciken kayan tarihi a ƙarƙashin ƙasa, kuma suna cikin tsofaffin kuɗin da masu sha'awar tarawa suka fi iya saye.

Suna da lissafi

Girkawa na kiran jan ƙarfe da tagulla da kalma ɗaya, chalkos, daga nan kuma aka samu sunan ƙaramar kwandalar, chalkous (jam'i chalkoi), ma'ana "na tagulla". Irin wannan ya faru a Hausa, inda kalmar kwabo ta fito daga kalmar Turanci mai nufin jan ƙarfe.

Tushen lissafin kuɗin Girka shi ne drachma, wadda daga sunanta ne Larabci ya samu dirhami. Drachma ɗaya obol 6 ce. A Atina obol ɗaya chalkoi 8 ne, a wasu yankuna kuwa 12. Ke nan drachma ɗaya ta Atina, mai nauyin kimanin giram 4.3 na azurfa, daidai take da chalkoi 48. Akwai dichalkon (chalkoi 2), da trichalkon (3), da tetrachalkon (4, wato rabin obol a Atina). Don a gane girman waɗannan ƙimomi: ma'aikatan da suka gina haikalin Erechtheion a Atina a wajajen 409 zuwa 407 K.M. ana biyan su drachma ɗaya a rana, masu zaman shari'a a kotun jama'a kuma obol 3.

Mafi yawan kwandalolin tagulla ba a rubuta ƙimarsu a jikinsu ba. Mutanen gari sun san ta ta wurin girma da zane. Wannan ya sa masana na yau sukan guji ba su suna, sai su rubuta AE, gajartar kalmar Latin aes mai nufin tagulla, su bi ta da faɗin kwandalar a milimita. AE 17 na nufin kwandalar tagulla mai faɗin milimita 17.

Matsalar da tagulla ta zo warwarewa

An fara buga tsabar kuɗi a Lydia, a yammacin Turkiyya ta yau, a ƙarshen ƙarni na 7 K.M., da wani haɗin zinariya da azurfa. A ƙarni na 6 biranen Girka kamar Aegina da Korinti da Atina suka rungumi azurfa. Ƙa'idar ita ce darajar kwandala ta yi daidai da nauyin ƙarfenta. Wannan ya yi kyau ga biyan sojoji da haraji da fatauci, amma ya kawo wahala a kasuwa. Obol ta Atina nauyinta bai wuce giram 0.72 ba. Rubu'inta, tetartemorion, kimanin giram 0.18 ne, kuma an buga har rabin wannan. Bugawa da wuya, ƙirgawa da wuya, ɓacewa kuma da sauƙi. Wasannin barkwanci na Aristophanes sun nuna cewa mutanen Atina a baki suke zuba canjinsu idan za su kasuwa, tunda tufafinsu ba su da aljihu.

Tagulla ta fi azurfa arha nesa ba kusa ba, sama da ninki ɗari a mafi yawan lokuta. Idan aka ce sai an zuba tagullar da ta kai darajar obol, kwandalar za ta yi nauyin da ba za a iya yawo da ita ba. Mafita ita ce a rage nauyin a bar darajar, kuma wannan ne ya ɗauki Girkawa lokaci kafin su saba da shi.

Farawa a Sisili da kudancin Italiya

Kuɗin tagulla na farko da aka buga a kai a kai sun fito ne daga biranen Girkawa na yamma. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin mutanen asali na Sisili da Italiya sun daɗe suna auna tagulla a matsayin dukiya. Ma'auninsu shi ne litra, wadda aka kasa gida 12, kowane kashi ana ce masa onkia.

A wajajen tsakiyar ƙarni na 5 K.M. birnin Akragas (Agrigento ta yau) ya fitar da wasu gutsattsarin tagulla na zubi masu siffar haƙori ko ƙaramin tulu, ɗauke da gaggafa da ƙaguwa, alamomin birnin. A gindinsu akwai ɗige-ɗige da ke nuna adadin onkia. Selinus da Himera su ma sun yi nasu. Kafin ƙarshen ƙarnin aka koma bugawa da hatimi kamar yadda ake yi wa azurfa, amma ɗige-ɗigen suka ci gaba: shida ga rabin litra, uku ga rubu'i, biyu ga hexas, ɗaya ga onkia. Abin lura shi ne nauyin ya yi ta raguwa cikin 'yan shekaru alhali adadin ɗigon bai canza ba. A nan ake ganin lokacin da kuɗi ya rabu da sikeli.

A kudancin Italiya, Thurii, wadda aka kafa a 444 ko 443 K.M., tana cikin biranen da suka fara. Cikin waɗanda suka jagoranci kafa ta akwai wani mawaƙi kuma ɗan siyasa na Atina mai suna Dionysius, wanda aka yi wa laƙabi da Chalkous, "na tagulla", saboda ya ba mutanen Atina shawarar su yi kuɗin tagulla. Laƙabin ya fi kama da zolaya, kuma ba su bi shawarar ba a lokacin.

Sirakus, birni mafi ƙarfi a Sisili, ta kai abin mataki na gaba. A zamanin Dionysius na I (405 zuwa 367 K.M.) an buga manyan kwandaloli masu nauyin kusan giram 30 ko fiye, da kan allahiya Athena a gaba, kifayen dolfin biyu da tauraro a baya. A zamanin Hieron na II, wanda ya rasu a 215 K.M., an buga masu kan Poseidon da mashi mai baki uku da yawan gaske, har yau suna cikin waɗanda aka fi samu.

Gaɓar Baƙin Teku

A arewa da yammacin Baƙin Teku an bi wata hanya dabam. Tun ƙarni na 6 K.M. mazaunan Girkawa a can suna zuba tagulla cikin siffar kan kibiya marar kaifi, wadda ba ta da amfani a yaƙi sai a ciniki. Birnin Olbia, kusa da bakin kogin Bug a Yukiren ta yau, ya shahara da ƙananan kifayen dolfin na tagulla, wasu da sunan mutum a bayansu. Olbia ta kuma zuba manyan faya-fayai masu fuskar Gorgon, waɗanda wasunsu sun haura giram 100. Wata doka ta birnin daga ƙarni na 4 K.M., wadda aka samu a rubuce a kan dutse, ta wajabta a yi duk saye da sayarwa da kuɗin Olbia na tagulla da na azurfa, baƙo kuma ya canza kuɗinsa a wuri ɗaya da aka keɓe.

Atina da ƙyamar tagulla

Atina ta makara, kuma akwai dalili. Tana da ma'adinan azurfa a Laurion, kwandalarta mai hoton mujiya kuma ana karɓar ta ko'ina saboda tsarkin azurfarta. Haɗuwarta ta farko da tagulla ta zo ne a cikin tsanani. A ƙarshen yaƙin Peloponnese, bayan Spartawa sun kafa sansani a Dekeleia a 413 K.M. bayi masu haƙar ma'adinai da yawa suka gudu, baitulmali ya ƙare. A 407/406 aka narkar da mutum-mutumin zinariya na allahiyar nasara aka buga kuɗi da su, a 406/405 kuma aka fitar da kwandalolin tagulla da aka lulluɓe da siririn azurfa. A wasansa na Kwaɗi, wanda aka nuna a 405, Aristophanes ya kwatanta 'yan siyasar zamanin da waɗannan miyagun kuɗi da suka kori nagari daga kasuwa. Masana tattalin arziki kan ambaci wannan wuri a matsayin tsohon bayanin abin da daga baya aka kira dokar Gresham. A wani wasan nasa na wajajen 391, wani mutum yana kukan cewa ya sayar da inabi ya cika bakinsa da tagulla, yana isa wurin mai gari sai ga sanƙira na shelar cewa daga yau azurfa kaɗai za a karɓa.

Wannan kuka shi ne ainihin haɗarin kuɗin amana: hukumar da ta ba shi daraja tana iya janye ta da shela guda, kuma talaka ne ke kwana a ciki.

Wani labari da ke cikin littafin Oeconomica, wanda ake jingina wa makarantar Aristotle, ya nuna yadda ake gina amanar. Kwamandan Atina Timotheus, yana yaƙi a yankin Olynthus a shekarun 360 K.M., ya rasa azurfar biyan sojoji, sai ya buga tagulla ya ba su. Da suka yi gunaguni, ya shirya da 'yan kasuwa cewa su karɓa, su sayi kayan ƙasar da ganima da ita, abin da ya rage a hannunsu kuma zai musanya musu da azurfa.

Sai a wajajen tsakiyar ƙarni na 4 K.M. Atina ta fara buga tagulla ta dindindin. Na farkon suna ɗauke da hoton Triptolemos da ɗan alade, alamomin bikin ibada na Eleusis. Kafin ƙarnin ya ƙare abin ya zama ruwan dare. Theophrastus, a littafinsa na halayen mutane, ya siffanta marowaci da wanda zai ɗaga gadaje da akwatuna duka idan matarsa ta yar da trichalkon guda.

Doka da riba

Rubuce-rubuce biyu a kan dutse sun bayyana abin da birane ke nema a wannan harka. Na farko daga Gortyn yake a tsibirin Kirit, na ƙarni na 3 K.M. Majalisar birnin ta zartar cewa dole a yi amfani da kuɗin tagullar da birni ya fitar, kada a karɓi obol na azurfa, wanda kuma ya ƙi tagulla ko ya nemi a biya shi da hatsi za a ci shi tarar stater 5 na azurfa. Buƙatar irin wannan doka ta nuna cewa mutane ba su karɓa da son rai ba.

Na biyu daga Sestos ne, a mashigin Dardanelles, na ƙarshen ƙarni na 2 K.M. An rubuta shi don girmama wani ɗan gari mai suna Menas wanda ya kula da aikin buga kuɗi. Ya kawo dalilai biyu na buga tagullar birni: domin tambarin birnin ya zama shi ke yawo, da kuma domin jama'a su ci ribar da ke ciki. Ribar ita ce bambancin da ke tsakanin kuɗin ƙarfe da aiki da kuma darajar da aka yanke wa kwandalar. Alfahari da riba, su ne suka sa har ƙananan garuruwa da ba su taɓa buga azurfa ba suka buga tagulla.

Birane kan kuma buga wani ƙaramin tambari a kan tsofaffin kwandaloli, nasu ko na waje, domin sabunta izinin amfani da su ko canza ƙimarsu. Wani lokaci kuma a sake buga sabon zane a kan tsohuwar kwandala gaba ɗaya, tsohon zanen na leƙowa ta ƙasa.

Zamanin sarakuna

A Makidoniya sarki Archelaus na I (413 zuwa 399 K.M.) ne ya fara buga tagulla. Philip na II ya buga mai kan saurayi da mahayin doki, ɗansa Iskandari Mai Girma (336 zuwa 323) kuma mai kan Herakles sanye da fatar zaki, da kulki da baka a baya. Bayan mutuwar Iskandari janar-janar ɗinsa suka raba daular, kowane gida ya kafa tsarinsa.

Mafi ban mamaki shi ne na gidan Ptolemy a Masar. Masar ba ta da azurfa, sarakunanta kuma suka rufe ƙasar ga kuɗin waje: duk ɗan kasuwar da ya sauka a Iskandariya sai ya canza kuɗinsa zuwa na sarki. A shekarun 260 K.M. Ptolemy na II ya faɗaɗa tagulla ta zama kuɗin cikin ƙasa na gaske, har da manyan ƙimomi. Mafi girma, na zamanin Ptolemy na III (246 zuwa 222), suna kai kimanin giram 90 da faɗin milimita 45 ko fiye, da kan Zeus Ammon mai ƙahon rago a gaba, gaggafa a kan tsawa a baya. Suna cikin manyan kwandalolin da aka taɓa bugawa da hatimi a duniyar da. Takardun papyrus sun nuna cewa wanda zai biya harajin azurfa da tagulla sai ya ƙara kusan kashi 10 cikin 100. Daga ƙarshen ƙarni na 3 lissafin ya sauya, har drachma ɗaya ta azurfa ta koma daidai da ɗaruruwan drachma na tagulla. Cleopatra ta VII (51 zuwa 30 K.M.) ta buga tagulla mai hotonta da harafin Π, wato 80, da M, wato 40, alamar cewa ƙimar ta dogara ga umarnin sarauniya kawai.

Gidan Seleucus, mai mulkin Siriya da Iraƙi da Iran, ya buga tagulla a garuruwa da dama, da alamar anka ta jirgin ruwa, da giwa, da Apollo. A ƙarni na 2 K.M. wasu an yi musu baki mai tsaga-tsaga kamar zarto, wasu na Antiochus na IV kuma suna da haruffan da ke nuna chalkous 1, 2 ko 4. Can gabas, sarakunan Girkawa na Bactria da Indiya sun buga tagulla mai kusurwa huɗu bisa al'adar Indiya, da rubutun Girkanci a fuska ɗaya da na Brahmi ko Kharoshthi a ɗayar. Uku daga cikinsu, Euthydemus na II da Pantaleon da Agathocles, sun buga haɗin jan ƙarfe da nikel, abin da ba a sake yi ba sai a ƙarni na 19. A Pontus, zamanin Mithradates na VI (120 zuwa 63 K.M.), an buga wasu daga cikin kwandalolin farko na haɗin jan ƙarfe da tutiya.

Ƙarƙashin Rum

Romawa sun karɓe zinariya da mafi yawan azurfa amma suka bar wa biranen gabas tagullarsu. Fiye da birane 500 sun buga kuɗi a zamanin daular, galibi da kan sarkin Rum a gaba, da haikali ko allan gari ko gasar wasanni a baya, rubutun kuma da Girkanci. Hauhawar farashi ta ƙarni na 3 ta kashe harkar, domin kuɗin azurfar daular da kansa ya koma kusan tagulla zalla. Na ƙarshe an buga su a kudancin Turkiyya ta yau a zamanin sarki Tacitus (275 zuwa 276). Iskandariya ta ci gaba da nata tsarin har zuwa gyaran Diocletian a wajajen 296.

Yadda ake ƙera su

Tagullar farko jan ƙarfe ce da kuza kimanin kashi 10 cikin 100. Daga baya aka riƙa ƙara dalma, domin ta fi arha kuma tana sauƙaƙa zubi. Ana fara shirya faya-fayan da ba su da zane, ko dai a zuba narkakken ƙarfe a mazubin dutse ko yumɓu mai ramuka a jere da siririyar hanya tsakaninsu, ko kuma a sassare su daga sandar tagulla. An samu mazubin dutse a Paphos ta tsibirin Saifurus, an kuma samu sassararrun gutsattsari a ginin buga kuɗi da ke kusurwar kudu maso gabas ta kasuwar Atina. Sau da yawa ana ganin ɗan tsini a bakin kwandala inda aka ɓalle ta daga 'yar'uwarta.

Ana kafa hatimi ɗaya a uwar maƙera, a ɗora faifan, a sa hatimi na biyu a kai, a doka da guduma. Tunda aikin hannu ne kuma kuɗin ba masu tsada ba, ba a cika damuwa da daidaito ba: zane kan kauce gefe, rabin rubutu ya fita waje, nauyi kuma ya bambanta sosai tsakanin kwandaloli masu ƙima ɗaya. Manyan tagullar Ptolemy suna da ɗan rami a tsakiyar kowace fuska, wanda akasarin masana ke ganin sawun kayan aikin da aka goge faifan da shi ne kafin bugawa.

Amfaninsu ga binciken tarihi

Tunda darajar tagulla ta tsaya a inda ikon birni ya tsaya, ba ta cika yin nisa da gida ba. Kuma wanda ya yar da ita ba ya wahalar nema kamar wanda ya yar da azurfa. Waɗannan dalilai biyu suka sa ita ce mafi yawan kuɗin da ake tonowa a tituna da kasuwanni da ɗakuna. Azurfa yawanci a ɓoyayyen tulu ake samun ta, tana ba da labarin ajiya. Tagulla kuwa tana ba da labarin zirga-zirgar yau da kullum.

Tonon kasuwar Atina da makarantar Amurka ta nazarin tsohuwar Girka ta fara a 1931 ya samar da kwandalolin Girka fiye da 16,000 da aka iya tantancewa, kusan duka tagulla, waɗanda John H. Kroll ya wallafa a 1993. A Olynthus, wadda Philip na II ya rushe a 348 K.M., tonon David M. Robinson na 1928 zuwa 1938 ya ba da tabbacin irin tagullar da ke yawo kafin wannan shekara. A Sisili, yawan wasu kwandalolin tagulla masu rubutun HISPANORUM a wurin da ake kira Serra Orlando ne ya sa Kenan Erim ya gane a 1958 cewa nan ne tsohon birnin Morgantina, wanda Romawa suka ba sojojin haya 'yan Sifen a 211 K.M. Akwai garuruwan da ba a san su ba sai ta wurin tagullarsu. Ana kuma samun ta a wasu kaburbura, a bakin mamaci ko a hannunsa, abin da marubutan da suka danganta da kuɗin fiton Charon.

Tarawa da nazari

Tara tsofaffin kuɗi ya bunƙasa a Turai tun ƙarni na 14 da na 15, amma hankalin masu tarawa na farko yana kan hotunan sarakunan Rum da kyawawan azurfar Sisili. Joseph Hilarius Eckhel na Biyana, a littafinsa Doctrina numorum veterum mai juzu'i 8 (1792 zuwa 1798), ya kafa tsarin jera kuɗin Girka bisa yanki, daga Sifen a zagaya Bahar Rum zuwa arewacin Afirka, kuma har yau shi ake bi. Gidan tarihi na Birtaniya ya wallafa kundinsa cikin juzu'i 29 daga 1873 zuwa 1927, Barclay Head ya fitar da Historia Numorum a 1887, a 1931 kuma aka fara jerin Sylloge Nummorum Graecorum, wanda manufarsa ita ce a buga hoton kowace kwandala, har da marasa kyau. Juzu'an Kopenhagen na wannan jeri suna cikin waɗanda aka fi dubawa idan ana tantance tagulla. Akwai ayyukan da suka keɓanta da ita, kamar na Romolo Calciati kan Sisili da kundin tarin Henry Clay Lindgren. Manyan taruka suna Landan, da Paris, da Balin, da Atina, da ƙungiyar nazarin tsabar kuɗi ta Amurka da aka kafa a New York a 1858.

Abin da ke jan masu tarawa shi ne arha da yawan iri. Wani yana bin birni ɗaya, wani yana bin hoton dabba guda, wani kuma yana neman ƙananan lepton na Alexander Jannaeus na Yahudiya (103 zuwa 76 K.M.), waɗanda ake yawan cewa su ne 'yan kuɗin gwauruwar da aka ambata a Linjilar Markus da ta Luka. Tantancewa kan dogara ga 'yan haruffan farko na sunan gari, kamar ΑΘΕ na Atina ko ΣΥΡΑ na Sirakus, tare da alamar birnin: furen wardi a Rhodes, ƙudan zuma da barewa a Afisa, doki mai fiffike a Korinti.

Launi, cuta da jabu

Tagullar da ta daɗe a ƙasa takan yi wata fata mai kore ko ruwan ƙasa ko baƙi, sakamakon haɗuwar ƙarfen da iska da ruwa da gishirin ƙasa. Idan fatar ta yi santsi da tauri tana kare ƙarfen, kuma tana ƙara wa kwandalar farashi. Goge ta har ƙarfe ya fito yana lalata zanen, domin sau da yawa a cikin fatar zanen ya rage.

Akwai kuma abin da ake kira cutar tagulla. Sinadarin kuloraid da ya maƙale a ƙarfen yana haɗuwa da danshi ya fitar da gari mai kore fayau, yana cin rami, kuma ba ya tsayawa da kansa. Maganin farko shi ne a ware kwandalar a ajiye ta a busasshen wuri. Masu adana kayan tarihi kan jiƙa ta a ruwan sodiyam sesquicarbonate ko su yi amfani da benzotriazole. Ledar PVC ma tana ɓata tagulla idan aka daɗe.

Jabun zubi ana gane shi da ƙananan ramukan kumfa da layin haɗi a baki. Amma matsalar da ta fi addabar tagulla ita ce gyaran kwandala ta gaskiya: a sake sassaƙa gashi ko haruffa da ƙaramin kayan aiki, a cike ramuka, a shafa fatar ƙarya a kai.

Doka da asalin kaya

Yaɗuwar na'urar gano ƙarfe tun shekarun 1970, da buɗewar iyakokin gabashin Turai bayan 1989, sun kawo tagulla mai yawa kasuwa ba tare da bayanin inda aka samo ta ba. Ga irin wannan kuɗi asarar tana da girma, tunda mafi yawan abin da take iya faɗa yana tattare ne da wurin da ta kwanta. Girka, a dokarta mai lamba 3028 ta 2002, da Turkiyya, a dokarta mai lamba 2863 ta 1983, sun ɗauki abin da aka tono a ƙasarsu a matsayin mallakar gwamnati, Italiya ma haka. Bisa yarjejeniyar UNESCO ta 1970, Amurka ta taƙaita shigo da wasu nau'o'in tsofaffin kuɗi daga Saifurus a 2007, da Italiya da Girka a 2011, da Bulgeriya a 2014.

Ƙungiyoyin masu tarawa da 'yan kasuwa sun ƙalubalanci waɗannan matakai, suna cewa kwandaloli na da ɗimbin yawa, an daɗe ana cinikinsu a fili, kuma mafi yawan masu arha ba a taɓa yi musu takarda ba. Masu binciken ƙarƙashin ƙasa kuwa suna cewa buƙatar kasuwa ce ke ciyar da tonon sata. A aikace, kwandalar da za a iya nuna ta a tsohon kundin gwanjo ko a sanannen tari kafin 1970 ta fi samun karɓuwa a gidajen tarihi, kuma farashinta ya fi na irinta marar tarihi.